Masana'antun Iran a Yaƙin Duniya na Biyu: mamaya ta gina su ne ko ta cinye su?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganganu biyu da ke karo da juna game da Iran tsakanin 1941 da 1945, ina roƙon masana su warware mana. Wasu na cewa shigar sojojin Ingila da na Tarayyar Sobiyet, daga baya kuma na Amurka, alheri ta zame wa ƙasar: an faɗaɗa tashoshin jiragen ruwa, layin dogo ya ɗauki kayan da bai taɓa ɗauka ba, matatar mai ta Abadan ta ƙara girma, masu masaƙu sun yi kuɗi. Wasu kuma na cewa a waɗannan shekarun ne aka durƙusar da masana'antun da sarkin Iran Reza Shah ya kafa, har ƙasar ta jima ba ta miƙe ba.

Bayani dalla-dalla nake nema. Waɗanne masana'antu ne a ƙasa kafin mamayar? Su wa suka kawo injunan, kuma da me aka biya su? Me ya faru da aka yanke hanyar kayan gyara? Kamfanonin waje kuma, me kowannensu yake nema, me ya samu? Allah ya saka da alheri.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam. Malam, a fara da abin da ke ƙasa kafin soja ya shigo ranar 25 ga Agusta 1941, don in ba a san shi ba, ba za a gane asarar ba.

A shekaru goma na ƙarshen mulkin Reza Shah, gwamnati ce babbar mai kafa masana'anta. Tana da masana'antun sukari takwas, cikinsu akwai na Kahrizak da Karaj da Marvdasht da Miandoab, duk suna tatsar sukarin daga wani tushe mai kama da gwaza. Tana da masana'antar siminti a Rey, gefen Tehran, wadda kamfanin F.L. Smidth na Denmak ya kawo injunanta, ta fara da tan 100 a rana. Ga masaƙun auduga a Shahi da Behshahr, ta siliki a Chalus, kamfanin taba a Tehran, da ma'aikatun ƙera bindiga da harsashi. Attajirai kuma sun zuba jari a masaƙun Isfahan da Yazd, da ashana da jima a Tabriz. Abu guda ya haɗa su duka: babu injin da aka ƙera a gida. Daga tukunyar tururi har ƙaramin mazari, shigo da su aka yi, akasari daga Jamus, wasu daga kamfanin Škoda na Chekoslobakiya, wasu daga Ingila. Da Jamus ta mamaye Chekoslobakiya a Maris 1939, Škoda ma ya koma hannunta, ƙofofi biyu suka zama ɗaya.

Yadda ake biya shi ne ginshiƙin maganar. A 1931 gwamnati ta yi dokar da ta sa duk cinikin waje a hannunta, a 1935 kuma ta ƙulla yarjejeniya da Jamus irin ta ba ni gishiri in ba ka manda. Ga yadda take tafiya. Ɗan kasuwar Iran ya tura auduga ko ulu ko fata ko busassun 'ya'yan itace ko darduma zuwa Jamus. Bajamushen da ya saya ba ya aiko da kuɗi, yana zuba su ne a wani asusu a can ƙasarsu da sunan Iran. Bank Melli, wato bankin ƙasa na Iran, ya biya ɗan kasuwar da riyal a gida. In gwamnati ko mai masaƙa na son inji, sai a cire kuɗinsa daga wancan asusu. Ga ƙasar da ba ta da fam ko dala da yawa, wannan sauƙi ne babba, shi ya sa zuwa 1940 kusan rabin cinikin wajen Iran da Jamus take yi. Aibin tsarin shi ne kuɗin da ke asusun ba sa sayen komai sai kayan Jamus. Wanda kuma ya kafa injin Jamus ya ɗaure kansa da kayan gyaran Jamus, da makanikan Jamus, da ma'aunin ƙusoshin Jamus, har injin ya mutu.

Da yaƙi ya ɓarke a Satumba 1939, Ingila ta toshe wa Jamus teku, sai kayan suka riƙa biyowa ta jirgin ƙasa ta cikin Tarayyar Sobiyet. Ranar 22 ga Yuni 1941 Jamus ta kai wa Sobiyet hari, wannan hanyar ma ta rufe. Duk abin da Iran ta riga ta tura wanda ba a biya ta da kaya ba, ya zama lamba a littafi. Bayan mamaya aka kwashe Jamusawan da ke ƙasar, waɗanda da yawansu injiniyoyi ne da masu kula da injuna, wasu aka miƙa wa Sobiyet, kimanin 500 kuma Ingila ta kai Ostareliya ta tsare.

Babbar asarar ita ce masana'antar narka ƙarfe ta Karaj. A 1937 aka ba haɗin gwiwar kamfanonin Jamus Demag da Krupp kwangilar gina tanderu biyu. An yi gine-gine, wasu injuna sun iso, wasu suna hanya, yaƙi ya tsayar da komai. Masana'antar ƙarfe kuwa ba a tayar da rabinta: in babu wurin gasa kwal, ko injin hura iska, ko bulon da ke jure wuta, sauran kayan sai dai su yi tsatsa. A faɗi gaskiya, ko babu yaƙi aikin yana da rauni, domin tanderun zamanin yana cin kimanin tan biyu na tama da tan guda na gasasshen kwal kafin ya ba da tan guda na ƙarfe, kuma duka biyun daga nesa za a yi dakonsu zuwa Karaj. Amma sakamakon dai shi ne Iran ba ta sami masana'antar ƙarfe ba sai da ta yi yarjejeniya da Sobiyet a 1966, aka gina ta Isfahan, ta fara aiki a farkon shekarun 1970.

Injiniyan Dogo:

Malam ya yi bayani mai kyau. Ni zan ɗauki ɓangaren sufuri, don a nan masu cewa an sami ci gaba suke kafa hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi in an tsaya a kan adadin kaya kawai.

Layin dogon da ya ratsa Iran an fara shi a 1927, an gama a 1938. Tsawonsa kilomita 1,394, daga Bandar Shahpur a Tekun Fasha zuwa Bandar Shah a Tekun Kasfiyan. Da harajin sukari da ganyen shayi aka gina shi, ba da bashin waje ba, kuma daga 1933 kamfanin Kampsax na Denmak ne ya jagoranci aikin, ya yanka shi gunduwa-gunduwa ya raba wa 'yan kwangila na ƙasashe daban-daban. Layi ɗaya ne, ba biyu ba, yana da ramukan da aka huda cikin duwatsu fiye da 200. Hawansa a kudu ya kai mita 15 cikin kowace kilomita, a arewa wajen Gaduk kuwa mita 28. An gina shi ne don 'yan jirage kaɗan a rana, abin da yake ɗauka a 1941 bai wuce 'yan ɗaruruwan tan ba. A 1944 yana kai wa Sobiyet fiye da tan 6,000 a rana.

Ta yaya aka kai haka? Da farko Ingila ta kawo kawunan jirgi masu tururi da taragai, ta shimfiɗa reshe daga Ahwaz zuwa Khorramshahr a 1942, domin tashar Bandar Shahpur ba ta iya sauke jiragen ruwa da yawa a lokaci guda. Matsalar tururi ta bayyana a tsakanin Andimeshk da Dorud, inda ramukan suka fi yawa. Jirgi mai nauyi yana hawa a hankali, hayaƙi ya cika ramin, direba da mai zuba wuta su rasa numfashi. Ga ƙarancin ruwan tukunya a wuraren da zafi ke haura digiri 50, ruwan da ake samu kuma mai gishiri-gishiri ne, yana toshe bututu. Da Amurka ta karɓi layin daga kudu zuwa Tehran a 1943 ƙarƙashin Janar Donald Connolly, da sojoji kimanin 30,000, sai ta kawo kawuna 57 masu dizal na kamfanin ALCO, kowane mai ƙarfin doki 1,000. An sa musu gatari shida maimakon huɗu don a raba nauyin, saboda dogon ba mai kauri ba ne. Daga Tehran zuwa arewa Sobiyet ce ke tafiyar da layin.

A kan titi kuma, motoci na zuwa a kwance cikin akwatuna. General Motors ya kafa wuraren haɗa su a Andimeshk da Khorramshahr: a buɗe akwati, a ɗora inji da gatari a kan gangar, a sa tayoyi, a gwada, a loda mata kaya, direba ya kama hanyar Khorramabad da Hamadan zuwa Kazwin, tafiyar kusan kilomita 1,000. Fiye da motoci 180,000 aka miƙa wa Sobiyet ta Iran, da jiragen sama kusan 5,000. Yawancin jiragen a Abadan aka haɗa su, inda kamfanin Douglas ya fara aikin, wasu kuma da fikafikansu suka zo, ta hanyar da ta ratsa Afirka tana yada zango a Kano da Maiduguri da Khartum. Jimilla, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kayan da aka tura wa Sobiyet daga nahiyar Amurka ta Tekun Fasha suka bi, wato tan miliyan huɗu da 'yan kai.

To me ya rage wa Iran? Wuraren haɗa motocin an kwance su an kai Tarayyar Sobiyet da aikin ya ƙare. Kawunan dizal ɗin an kwashe su. Dogon da aka mayar mata a 1945 ya sha aiki ninkin ba ninkin abin da aka tsara masa: ƙarfen ya lashe a kwanoni, katakon ƙasa ya gaji, taragai na neman gyara. Layukan da Iran take ginawa don kanta sun tsaya cik, na Mashhad a Shahrud, na Tabriz a Miyane, ba a kai garuruwan ba sai 1957 da 1958. Abin da ya zauna da gaske shi ne tashar Khorramshahr da aka faɗaɗa, da reshen dogon, da titin kudu, da dubban 'yan ƙasa da suka koyi tuƙi da kanikanci da walda. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin ba a cika ba shi haƙƙinsa ba.

Amma a lura da wanda ya biya farashin. Yarjejeniyar ƙasashe uku ta 29 ga Janairu 1942 tsakanin Iran da Ingila da Sobiyet ta ba sojojin ƙawance ikon amfani da dogo da titi da tashoshi yadda suka ga dama. Taragon da ya ɗauki harsashi ba zai ɗauki alkama ba, ba zai ɗauki kananzir ko audugar masaƙa ba. Motocin 'yan kasuwa da yawa kamfanin gwamnatin Ingila mai suna UKCC ya ɗauke su haya, taya kuma ta zama abin da ake rabawa da takarda.

Mai Neman Sani:

Na gode, Malam da Injiniya. Abin da ya rage mini a duhu: in injuna ba su da kayan gyara, auduga ba ta da tarago, ta ina masu masaƙu suka yi kuɗin da ake faɗa?

Malama Mai Lissafi:

Malam, abu biyu ne suka faru tare, kuma ba su saɓa wa juna ba. Riba ta hau, ƙarfin injin kuma ya sauka.

A fara da kuɗi. Sojojin ƙawance suna buƙatar riyal don biyan lebura da hayar mota da sayen abinci. Ba su zo da kaya su sayar su sami riyal ɗin ba, sai suka riƙa zuba fam a asusun Iran a Landan, Bank Melli kuma ya ba su riyal a Tehran. Kafin mamaya fam guda riyal 68 ne a farashin gwamnati. A ƙarshen 1941 aka mayar da shi 140, a Mayu 1942 aka daidaita a kan 128. Ma'ana, da fam guda suna sayen kusan ninki biyu na abin da suke saya a da. Da takardun kuɗi suka ƙare, aka matsa wa majalisa, a Nuwamba 1942 ta sassauta dokar buga kuɗi. Fam ɗin da ke Landan kuwa ba ya iya zama kaya, domin babu gurbi a jirgin ruwa. Kuɗi sun yawaita a hannu, kaya sun ragu a kasuwa. Ma'aunin tsadar rayuwa na Bank Melli ya ninka fiye da sau huɗu tsakanin 1941 da 1944. Aka haɗa da rashin kyawun amfanin gona, da ɓoye hatsi, da hana alkamar Azarbaijan saukowa Tehran, sai ga tarzomar burodi a Tehran a Disamba 1942, ga yunwa, ga annobar zazzaɓin ƙwarƙwata.

Gurbin jirgin ruwa kuwa a Alƙahira ake raba shi. Ingila ta kafa cibiyar samar da kaya ta Gabas ta Tsakiya a can a 1941, Amurka ta shiga a 1942. Mai masaƙa a Isfahan da ke son boris ko bel ko rini, sai ya nemi lasisi a Tehran, a tura buƙatar Alƙahira, a auna ta da buƙatun soja da na sauran ƙasashen yankin, sannan a nemi wanda zai ƙera a Ingila ko Amurka, inda masana'antu suka koma aikin yaƙi. In injin na Jamus ne, sau da yawa ma babu wanda ke yin irin kayansa.

Yanzu a shiga cikin masaƙar a gani. Yadin waje ya daina shigowa, don haka duk abin da aka saƙa, ko yaya yake, akwai mai saye tun kafin ya bar inji. Ana aiki dare da rana. Haƙoran injin shiɓa suna dakushewa, ba a sauya su, auduga ta fito da ƙulli-ƙulli, zare ya riƙa tsinkewa, a ƙara yara masu ɗaurawa. Boris ya ci, a cire na injin da ke gefe, a haka layi guda yake zama abincin sauran. Rinin Jamus ya ƙare, a koma abin da ya samu, launi ya zuba a wankin farko. Audugar ma ta ragu, don manomi ya ga alkama ta fi ta kuɗi. A masana'antun sukari abin ya fi muni: tushen nan in an tone shi ba ya jira, kullum zaƙinsa raguwa yake, in babu motar da za ta kai shi masana'anta cikin 'yan kwanaki, an yi asara. Ga shi injin yana aiki ne 'yan watanni a shekara, in ya tsaya a tsakiyar kaka, shekarar ta tafi.

Kuskuren lissafin da aka yi shi ne ɗaukar duk abin da ya shigo a matsayin riba. Injin da aka saya a 1936 ana cire kuɗin tsufansa a kan farashin 1936, alhali sabonsa bayan yaƙi ya ninka. Da an ware wannan bambancin, da an ga wani kaso na abin da ake kira riba kuɗin sauya inji ne. Masu hannun jari sun raba, sun sa a filaye da gidaje da ɓoye kaya, domin a lokacin hauhawar farashi nan ne kuɗi ya fi haihuwa. Ma'aikata kuwa albashinsu bai bi farashi ba. Masaƙun Isfahan na da ma'aikata dubu goma ko fiye, jam'iyyar Tudeh mai ra'ayin gurguzu da aka kafa a 1941 ta sami gindin zama a cikinsu, a 1944 rikici ya kai ga rufe masaƙu da arangama a gari.

Gwamnati ta ɗauko Arthur Millspaugh, Ba'amurken da ya taɓa riƙe mata baitulmali daga 1922 zuwa 1927. Ya dawo a farkon 1943, majalisa ta ba shi iko kan farashi da rabon kaya da sufuri da masana'antun gwamnati, ya kawo harajin kuɗin shiga mai hawa-hawa. Attajirai suka ƙi shi, Sobiyet ba ta bar mutanensa su yi aiki a arewa ba, ya yi ta karo da shugaban Bank Melli, Abolhassan Ebtehaj, a farkon 1945 ya ajiye aiki. Sannan wata yarjejeniya ta 1943 ta sa ma'aikatun makaman Iran suna ƙera wa Sobiyet bindigogi, gwamnatin Iran na ɗauke da nauyin kuɗin. Zinariyar da Sobiyet ta ci bashi ta riyal ɗin da ta karɓa, tan 11, ba ta biya ba sai 1955.

Da aka buɗe teku bayan 1945, kuɗin da suka taru a waje suka tafi a kan shigo da kaya. Yadin waje mai araha da kyau ya cika kasuwa, ya tarar da injunan da suka gaji da ma'aikata fiye da kima. Kafin ƙarshen shekarun 1940 masaƙu da dama sun rufe ko sun koma neman agajin gwamnati.

Ɗan Matata:

Masana'anta ɗaya ce ta fita daga yaƙin da sababbin injuna, ita ce ta mai, kuma ba ta 'yan ƙasa ba ce. Kamfanin Anglo-Iranian, wanda gwamnatin Ingila ke riƙe da fiye da rabin hannun jarinsa tun 1914, yana aiki ne da yarjejeniyar 1933: Iran na karɓar sule huɗu a kan kowane tan, da kashi 20 cikin ɗari na ribar da aka raba wa masu hannun jari in ta haura fam 671,250, wa'adi kuma har 1993.

Farkon yaƙin bai yi wa Iran daɗi ba. Da Italiya ta shiga a Yuni 1940, Bahar Rum ta rufe, tankar da za ta kai man Abadan Ingila sai ta zagaya ta ƙasan Afirka. Ingila ta ga ya fi mata sauƙi ta ɗebo daga nahiyar Amurka. Haƙar ta sauka daga kimanin tan miliyan 10 a 1938 zuwa ƙasa da miliyan 7 a 1941. Tunda da tan ake biyan Iran, kuɗinta suka ragu, Reza Shah ya matsa, a 1940 kamfanin ya yarda ba zai biya ƙasa da fam miliyan 4 a shekara ba.

Abin ya juya a 1942, da Japan ta kama ƙasar Bama (Myanmar ta yau) da tsibiran da yau ake kira Indunusiya, matatun can suka fita daga hannun ƙawance. Abadan ta zama madogarar duk rundunonin da ke gabas da Suwez, da Sobiyet ma. Abin da aka fi nema shi ne man jirgin yaƙi mai lamba 100, wanda ba ya samuwa ta tacewa kawai. Sai an tara iskar gas marasa nauyi da ke fita wajen fasa ɗanyen mai, a haɗa su cikin sanyi da ruwan batir mai ƙarfi sosai, su dunƙule su zama mai, sannan a gauraya da sauran sinadarai. Aikin na cin injunan sanyaya, da bututun da asid ba ya ci, da masana'antar asid ɗin kanta. Duk waɗannan an ba su gurbi a jirgin ruwa, a daidai lokacin da mai masaƙa ke jiran boris. Aka buɗe rijiyoyin Agha Jari aka ja musu bututu, zuwa 1945 haƙar ta kusa tan miliyan 17, Abadan ta zama matata mafi girma a duniya.

Injiniya ya ambaci ƙwarewar da mutane suka samu. A Abadan zan rage wa maganar ƙarfi. An ɗauki dubban sababbin ma'aikata, amma manyan muƙaman fasaha sun zauna a hannun Turawa, na tsakiya da yawa a hannun Indiyawa. Gidaje ba su bi yawan mutane ba, lebura na kwana a bukkokin gwangwani da tabarma, a Yuli 1946 aka yi babban yajin aiki a Khuzestan wanda ya ƙare da jini. Sannan a tsakiyar shekarun 1940 harajin da kamfanin ke biyan baitulmalin Ingila ya zarce abin da yake biyan Iran. Dalilin a fili yake: harajin Ingila a kan riba yake, kason Iran kuwa a kan tan da kuma ribar da aka raba, daga baya kuma Ingila ta taƙaita rabon riba.

Injiniyan Dogo:

Na karɓi gyaran game da Abadan. A dogo da mota lamarin ya ɗan bambanta, domin Amurkawa ba su da niyyar zama, kuma ba su da isassun mutane, dole suka koya wa 'yan ƙasa tuƙi da gyara. Amma makaniki ba ya maye gurbin masana'antar da za ta ƙera abin da yake ɗaurawa.

Malamin Tarihi:

Saura tambayar Malam ta ƙarshe, abin da kamfanonin waje ke nema. Yarjejeniyar 1933 ta rage yankin Anglo-Iranian zuwa murabba'in mil 100,000, sauran ƙasar a buɗe take. A ƙarshen 1943 Shell ya aiko wakili yana neman izinin haƙa a kudu maso gabas, a 1944 kamfanonin Amurka biyu, Standard-Vacuum da Sinclair, suka shigo layi. Gwamnatin Firaminista Mohammad Sa'ed tana maraba da Amurkawa don su zama kishiyar Ingila da Sobiyet, har ta ɗauki masana biyu daga can, Herbert Hoover ƙarami da A.A. Curtice, su duba mata tayin. Tattaunawar a ɓoye ake yi, da ta fito fili sai Sobiyet ta turo mataimakin ministan harkokin wajenta, Sergei Kavtaradze, a Satumba 1944, yana neman man lardunan arewa, inda sojojinta ke zaune.

Sa'ed ya ga in ya ba ɗaya dole ya ba kowa, sai a Oktoba ya ce an ɗage maganar duka sai bayan yaƙi. Sobiyet da Tudeh suka taso shi gaba har ya sauka a Nuwamba. Ranar 2 ga Disamba 1944 ɗan majalisa Mohammad Mosaddegh ya gabatar da doka, majalisa ta zartar a ranar: babu firaminista ko ministan da zai tattauna izinin haƙar mai da wata ƙasa ko kamfani, wanda ya yi zai sha ɗauri. Hujjarsa ita ce ba a gyara izinin da aka ba kudu ta hanyar ba da wani a arewa, gyaran shi ne a daina bayarwa.

Wannan dokar ce ta yi aiki a 1946. Sobiyet ta ƙi janye sojojinta a wa'adin Maris da yarjejeniyar 1942 ta tanada, Firaminista Ahmad Qavam ya sa hannu a Afrilu kan kafa kamfanin haɗin gwiwa wanda Sobiyet za ta riƙe kashi 51 cikin ɗari a shekaru 25 na farko, da sharaɗin sai sabuwar majalisa ta amince. Sojojin suka fita a Mayu. A Oktoba 1947 majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar da ƙuri'a 102, biyu kacal suka goyi bayanta, kuma a cikin dokar ta umarci gwamnati ta buɗe tattaunawa da Anglo-Iranian don ƙwato haƙƙin ƙasa a man kudu. Tattaunawar ce ta ci tura har aka kai ga mayar da man hannun gwamnati a Maris 1951.